Ziyarar Biranen Kabi: Surame, Birnin Kebbi Da Argungu

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da almajirai da fatake, da duk wanda Allah ya hore wa guzuri da lafiyar ƙafa, a kan birane uku na ƙasar Kabi waɗanda ke jere a bakin fadamar Gulbin Rima, watau Surame da Birnin Kebbi da Argungu. Na farko kufai ne yau, ba kowa cikinsa sai kukoki da tsuntsaye. Na biyu an ci shi da yaƙi ya faɗi, sa'an nan ya sake tashi har ya zama babban birnin Jiha. Na uku shi ne inda sarautar Kabi ta ke zaune yanzu, shi ne kuma ya yi suna cikin duniya saboda bikin su.

Duk shekarar da aka yi bikin nan mutane su kan cika Argungu maƙil, daga Sakkwato da Kano da Ikko, har da na ƙetaren teku. Yawancinsu su kan iso ana gobe za a shiga ruwa, su kalli abin da bai wuce sa'a guda ba, su sayi kifi su juya gida. Wanda ya yi haka ya ga reshe bai ga gindin itacen ba. Sai mutum ya bi biranen nan uku ɗaya bayan ɗaya, yadda sarakunan Kabi suka zauna su, kana ya gane dalilin da ya sa ganuwar dutse ta zube, amma al'adar da ba ta da wani gini sai alkawari tsakanin mutane ta wanzu har yau.

SURAME, BIRNIN KANTA

Surame tana yamma da Sakkwato, cikin ƙasar Binji, ba nisa da Silame. A rabon jihohi na yanzu ta faɗa cikin Jihar Sakkwato, ko da ya ke tarihinta na Kabawa ne. Mai son zuwa sai ya bari ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, domin da damina sarƙaƙiya ta kan rufe ginin. Ya fara sauka wurin mai garin da ke kusa, ya gaishe shi, ya roƙi ɗan jagora. Ya kuma tambayi lafiyar hanya tun yana gida, gama a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun dami wannan yanki.

Abin da zai fara cin karo da shi shi ne ganuwa. Ganuwar Kano da ta Zariya da ta Katsina da ƙasa aka gina su, amma ta Surame duwatsu ne aka jera aka liƙe da laka, zagaye bayan zagaye, bisa tudu mai marmara. Wani wuri ta zube ta zama tsibi, wani wuri tana nan tsaye ta ɗara tsawon mutum. Filin birnin ya kai kamar murabba'in kilomita 9, ana kuma ƙidaya masa ƙofofi 14, bakwai na waje, bakwai na ciki. In matafiyi ya shiga ya ga tushen gidaje da kukokin da suka tsufa, zai san lalle an yi zaman jama'a mai yawa a nan.

Wanda ya gina ta shi ne Muhammadu Kanta, wanda a ke kira Kanta Kotal. Masu ba da labarin gargajiya sun ce daga ƙasar Katsina ya fito, ƙaƙƙarfan mutum ne, a fagen dambe ya fara yin suna, samari suka taru bayansa har ya zama mai runduna. Abin da littattafai suka tabbatar shi ne ya bi Askiya Muhammadu, Sarkin Songai, zuwa yaƙin Agadas wajen 1515. Da aka komo sai aka yi saɓani kan rabon ganima. Kanta ya ga an tauye masa haƙƙi, ya ɗaga kai wajen 1516, Askiya ya aiko da runduna ba ta iya masa ba. Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tumbutu, ya kawo wannan cikin Tarihus Sudan, ya kuma faɗi yadda wani Askiya na baya ya zo da yaƙi Kanta ya kore shi. Tun daga nan Kabi ta zama daula mai cin gashin kanta tsakanin Songai a yamma da Barno a gabas, da garuruwa uku manya, Surame da Gungu da Leka. Daga sunan Leka ne gidan sarautar ya samo sunan da a ke kiransa da shi har yau, watau Lekawa.

Mai hankali in ya tsaya bisa ganuwar ya duba zai gane hikimar zaɓen wurin. Ƙarfin rundunonin wancan zamani dawaki ne, doki kuwa a fili ya ke da amfani. Fadamar Rima ta kan cika da ruwa watanni, ta bar laka wasu watanni, mahayi ba shi da hanya sai inda mutanen ƙasa suka sani. Su kuwa Kabawa suna bisa tudu, jiragensu na ƙasa, kifi da shinkafa na bakin ƙofa. Ga shi kuma ƙasar tana kan hanyar ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro, ga Azbin a arewa. Wanda ya riƙe mashigin ruwa ya riƙe fito.

Labarin ginin ya cika bakin tsofaffi. Sun ce Kanta ya rarraba ganuwar ga ƙasashen da ke biya masa gandu, kowa da yankinsa, Nufawa suka makara, ya ce su kwaɓa lakarsu da man kaɗanya maimakon ruwa. Sun ce yana da jirgi wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe, mutum 50 ke tuƙa shi, da shi ya ke kewaya garuruwansa lokacin ambaliya. Irin wannan labari yana nuna girman da mutumin ya ke da shi a zukata, yana kuma nuna cewa da wuyan talakawa aka ɗauko duwatsun nan.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo ƙarshen Kanta cikin Infaƙul Maisuri. Mai na Barno ya zo ya kewaye Surame, bai ci ta ba, ya juya. Kanta ya bi shi har wajen Nguru ya yi nasara, amma a hanyar komowa aka harbe shi da kibiya cikin ƙasar Katsina, ajali ya sauka, aka ɗauko gawarsa aka kawo gida. Wannan ya faru wajen tsakiyar ƙarni na 16. Zuriyarsa suka riƙe birnin shekara ɗari da ɗoriya, har ƙarfi ya fara raguwa. A 1674 Azbinawa ƙarƙashin Agabba suka ƙwace ƙasar Adar daga hannun Kabi, Zamfarawa da Gobirawa kuma suka matso. Wajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya yi kudu da jama'arsa. Ganuwar da ta gagari Songai da Barno ba ta iya riƙe mutanenta ba ranar da talakawan waje suka daina kawo gandu, hanyoyin ciniki suka koma hannun wasu. Gwamnati ta sa Surame cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka rubuta ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa.

BIRNIN KEBBI BISA TUDU

Inda Tomo ya sauka shi ne Birnin Kebbi, shi ma kuwa tudu ya zaɓa. Baƙo ya nemi a kai shi gefen gari ta wajen Dukku da la'asar, inda tudun ya yanke ya sauka fadama. Daga nan ido zai kai nesa: gonakin shinkafa shimfiɗe, ruwa na ratsa su, jirage na fito da mutane da kaya, garkunan shanu na saukowa shan ruwa. Abin da Kanta ya gani a Surame shi jikokinsa suka nema a nan.

Birnin ya yi kamar shekara ɗari yana fadar Kabi, ayarori na sauka, har zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A farkon shekara ta 1220 ta Hijira, watau 1805, rundunar jama'ar Shehu ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Kafin shekarar ta ƙare aka sake gamuwa a Alwasa, kusa da nan, inda Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗu suka yi wa jama'ar Shehu ɓarna mai yawa, sai a Gwandu aka tsai da su. Malam Abdullahi ya ba da labarin waɗannan kwanaki cikin Tazyinul Waraƙati, almajirin da ya karanta littafin kuwa in ya taka wuraren da ƙafarsa, gani ya kori ji. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Muhammadu Bello gabas, ya ba Malam Abdullahi yamma, Birnin Kebbi ya shiga ƙarƙashin Gwandu.

Wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya ratsa nan a 1853 zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Ya tarar tsohon birnin ya zama kango, sai ƙaramin gari kusa da shi. A Gwandu kuwa aka ba shi aron Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya, ta hannunsa labarin Songai ya isa ga masanan Turai. Wannan abin lura ne ga malamai: ganuwar Birnin Kebbi ta riga ta zube a lokacin, amma takardar da wani malami ya adana cikin gafaka tana nan ba ta ɓace ba.

Bayan tarzomar Satiru a 1906 Turawa suka naɗa Haliru Abdu Sarkin Gwandu, fadar kuma ta zauna Birnin Kebbi, inda ta ke har yanzu, ana kiranta Fadar Abdullahi Fodiyo. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, birnin ya zama mazaunin Gwamna. Saboda haka baƙo ya kiyaye da abin da ke rikita mutane da yawa: sarkin da ke zaune Birnin Kebbi Sarkin Gwandu ne, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Wanda ke da kwana guda na rara ya ƙarasa garin Gwandu, kamar kilomita 50 gabas, ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, mai Liya'ut Ta'awili da Liya'ul Hukkami, wanda ya rasu a 1829. Falke kuma ya bi ta Jega, wadda kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na 19.

ARGUNGU DA SULHUN 1934

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kamar kilomita 50 ne, an bi gefen fadama an yi arewa maso gabas. Mutanen garin sun ce sunan ya samo asali daga kiran masunta ga junansu cewa a yi gungu, watau a taru wuri ɗaya. Nan Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattaru bayan faɗuwar birninsu. An kashe Hodi a 1826. Sama'ila Karari ya riƙe Argungu har 1831, aka kewaye garin, shi ma ya rasa ransa. Aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekara kamar 18 a can. A 1849 Nabame ya komo ya ɗaga tutar Kabi, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya, daga ranar nan kuwa Argungu ba ta sake shiga hannun kowa ba har zuwan Turawa.

Shekara hamsin aka yi ana ɗauki ba daɗi tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato. An sami hutu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, abin da a ke kira Lafiyar Toga, amma ba ta kai shekara goma ba aka koma. Sama'ila ɗan Nabame, wanda a ke kira Sama, ya hau a 1883, wajen 1892 kuma ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin Argungu. Fatake su suka fi kowa sanin tsadar wannan gaba, domin ayari ya kan yi dogon zagaye ko ya jira rakiyar mayaƙa. Manomi kuma ba ya iya yin gona nesa da ganuwa. Turawa sun hana yaƙin tun farkon ƙarni na 20, amma ba su iya cire abin da ke cikin zukata ba.

Shaidar wannan zamani tana Gidan Tarihi na Kanta, tsakiyar gari. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, an zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwa, aka buɗe ta ga masu kallo a 1958. An raba ta sassa 11. Akwai masu da takubba, baka da kwari, bindigogin gargajiya, tambura, da layun da mayaƙa suka ɗaura. Cikin gidan ne kuma kaburburan sarakuna su ke, don haka mai shiga ya shiga da ladabi, ya yi wa mamata addu'a.

A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya tako ya zo Argungu ziyarar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Kakannin mutanen nan biyu sun yi shekaru suna aika wa juna mashi. Sarkin Kabi ya duba abin da zai girmama baƙonsa da shi, bai tara dawaki ya nuna ƙarfi ba, sai ya sa masunta suka shiga ruwa gaba ɗaya, aka kawo wa Sarkin Musulmi kifi. Wannan rana ita ce mafarin bikin da a ke yi yanzu. Duk wanda ya tsaya bakin Matan Fada yana kallo ya tuna cewa abin da ke gabansa tunawa ce da ranar da manya biyu suka yarda zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

RANAR SU

Su kansa ya girmi 1934 nesa. Tun zamanin da Kabawa suna da al'adun ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, watau buɗe lokacin su bayan an rufe shi. Abin da ke cikinsu na tsafi ya ja baya da yaɗuwar ilmi, amma ƙa'idar ta zauna, ita ce kuwa ginshiƙin bikin duka: akwai yankin ruwa da a ke hana kowa taɓawa shekara guda cur, babu mai jefa taru ko ƙugiya, sai ranar da Sarki ya ba da izini. Saboda wannan hani ne kifi ya ke samun wurin fakewa ya hayayyafa ya girma. Masu kula da haka su ne Sarkin Ruwa, wanda tsaron gulbin da tsabtarsa ke hannunsa, da Homa, shugaban masuntan Argungu. Sarautu ne na gado, yaro ya kan koya daga ubansa inda ruwa ya ke da zurfi, da inda kada ke kwana, da lokacin da kowane kifi ke ƙwai.

Bikin kwana huɗu ne, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, lokacin da ruwa ya ja, kaka ta shigo hannu. Kwanakin farko na nunin amfanin gona ne da kokawa da dambe, da wasannin ruwa da a ke kira kabanci: tseren jirage, da iyo, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Ranar ƙarshe masunta dubbai su kan yi sahu nesa kaɗan da gaɓa, kowa da homa biyu a hannu da babban gora. Da an harba bindiga sai su sheƙo a guje su faɗa Matan Fada, ƙura ta tashi, ruwa ya koma laka. Goran shi ke ɗauke da mutum bisa ruwa, cikinsa kuma ya ke zuba abin da ya kama. Makaɗa na cikin jirage suna kiɗa suna kirari, amon na firgita kifi ya rasa wurin ɓuya. Cikin sa'a guda a ke gamawa, a kawo manyan kifaye gaban Sarki da baƙinsa a ɗora bisa ma'auni.

Wanda a ke nema shi ne giwan ruwa. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, a 2020 kuma kilo 78, watau nauyin ƙaton mutum, sai an taru a ke ɗaga shi. Masu sa'a kaɗan ne ke samun irin wannan, sauran su koma da tarwaɗa da balli da ƙarfasa, kowa dai ba ya rasa na miya. Ba a yarda da taru ko jirgi mai inji ba, sai kayan da kakanni suka yi aiki da su, don haka talaka da mai hali ɗaya su ke cikin ruwan.

Falke ba ya bukatar a gaya masa abin da taro irin wannan ke jawowa. Masu masauki da masu abinci, masu motoci, masu bandar kifi, masu saƙa homa da masu noman gora, dukansu su kan ga alheri. Ƙasar kuma ta shinkafa ce: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Gwamnatin Tarayya a Nuwamba 2015, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. A 2016 hukumar UNESCO ta rubuta bikin cikin al'adun 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

YADDA WASU SUKA RIƘE NASU

A ƙasar Italiya akwai tsofaffin garuruwa bisa duwatsu waɗanda aka gina saboda tsoron yaƙi, kamar yadda aka gina Surame. Ɗaya daga cikinsu shi ne San Jiminyano, a lardin Taskani. Attajiransa sun yi gasar gina dogayen hasumiyoyi har 72, annobar 1348 ta karya garin, ciniki ya kauce masa, ya talauce. Amma mutanensa ba su tashi gaba ɗaya ba. Yau hasumiya 14 na tsaye, baƙi daga ko'ina cikin duniya na zuwa kallo, jikokin matalautan nan suna cin abinci da abin da kakanninsu suka bari. Kusa da shi akwai birnin Siyena, inda unguwanni 17 ke gasar sukuwa a dandalin tsakiyar gari sau biyu a shekara, ran 2 ga Yuli da ran 16 ga Agusta, doki goma kowane karo. Sukuwar ba ta kai minti biyu ba, amma kowace unguwa tana da ɗakin ajiye tutocinta da takardunta, yara na tashi da sanin tarihin unguwarsu.

Abin koyi a nan shi ne sun haɗa abu biyu, ginin da al'adar, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Wanda ya zo don sukuwa ya kan kwana ya ga birnin, wanda ya zo don birnin ya kan ji labarin sukuwa. A ƙasar Kabi kuwa an raba su: taro yana Argungu, duwatsu suna Surame ba mai leƙa su.

ABIN DA KE WUYAN JAMA'A

Kada wani ya ɗauka bikin Argungu ba ya iya mutuwa. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a shiga ruwa ba, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa, sai a Maris 2020 aka maido shi, karo na 60. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsaiko ya kai shekara goma bai taɓa ganin abin da ubansa ke ba shi labari ba. Tun da aka gama madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo bisa Rima a 1984, ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, yashi kuma na cike gurabun da manyan kifaye ke kwana. Madatsun suna da amfaninsu ga masu noman rani da ruwan sha na birane, amma wajibi ne masu sakin ruwa su riƙa tunawa da na ƙasa da su. Masunci kuma da ya saci jiki da dare ya shiga ruwan da aka hana, ko ya zuba magani don ya kwashe kifi, ya sani abincin 'ya'yansa na baɗi ya ke ci.

Surame ma tana da nata haɗari. Saiwar itace na tsaga ganuwa, ruwan sama na wanke laka, duk dutsen da aka ɗauke don wani gini kuwa ba ya komowa. Tsofaffin da suka san sunayen ƙofofi da labarinsu suna ƙarewa ɗaya ɗaya. Nan ne aikin malamai ya ke. Wanda ke da almajirai a ƙasar Kabi ya sa su zauna da dattawa su rubuta abin da suka ji, da ajami ko da boko, su sa sunan mai faɗa da garinsa da shekara. Wanda ya gāji takardun kakanni ya fito da su daga inda gara za ta ci, a kwafa a adana. Attajiri kuma da ke kashe kuɗi wajen kyautar gasa ya ware wani abu don share hanya da biyan masu gadi da 'yan jagora, ribar za ta komo kasuwarsa.

Mai niyyar ziyara ya ware kwana biyar ko shida. Ya fara da Surame in hanya ta yi kyau, ya wuce Birnin Kebbi da Gwandu, ya iso Argungu tun kafin taro ya yi yawa, ya shiga Gidan Tarihi na Kanta da natsuwa, kana ya nemi wurin tsayawa bakin Matan Fada. In aka harba bindiga ya ga Bakabe da Bafillace da Bazabarme da Ba'are sun faɗa ruwa ɗaya kafaɗa da kafaɗa, zai san abin da aka biya kafin a kai ga haka.

Allah ya ji ƙan magabata, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai matafiya gida da alheri. Tamat.